Ƙafafun Aro na Mbah Katemi

A duk ƙauyukan da ke gindin dutsen nan namu na gabashin tsibirin Jawa, babu ƙafafun da suka sha wanki kamar na Katemi mai shinkafa, kuma babu waɗanda wankin ya yi wa asara kamarsu. Faso a dugadugai kamar fadamar da rani ya kama, babban yatsa ya karkace yana leƙen maƙwabcinsa, farce kuwa sai dai a kira maƙeri. Amma duk shekara, da jarrabawar fita daga sakandare ta matso, sai ka ga 'ya'yan mutane sun durƙusa a gabansu suna kuka suna shafawa, kamar sun tsinci ƙafar sarauniya.

Mako guda kafin jarrabawa makaranta kan tara iyaye a fili. A yi addu'a, a jera kujeru, uwa ta zauna, ɗanta ya durƙusa da robar ruwa ya wanke mata ƙafa, ya nemi gafara, ta dafa kansa ta sa masa albarka. Wasu su shafa ruwan a fuska, waɗanda lissafi ya fi razana su har su kurɓa. Matsalar ɗaya ce: rabin matan garinmu ba sa gari. Suna Taiwan, suna Hong Kong, suna Saudiyya, suna can suna wanke ƙafafun tsofaffin wasu.

Katemi ba ta nemi wannan sarauta ba. Ita sana'arta pecel, shinkafa da dafaffen ganye da miyar gyaɗa mai yaji a ƙunshin ganyen ayaba, ƙarƙashin mangwaron da ke ƙofar makaranta. Wata shekara aka jera kujeru, sai ga wata yarinya tsaye rungume da roba, kujerarta ba kowa, tana ta kallon ƙofa. Wata malama ta leƙo waje ta kira ta Mbah, wato Kaka, ta ce, "Mbah, ara mana ƙafarki mana." Katemi ta goge hannu a zani ta shiga. Daga ranar ta zama uwar aro. Akwai shekarar da aka yi mata layi har yatsunta suka yi yaushi kamar na mai wankau.

Ƙawarta Ponirah, mai sayar da ruwan kwakwa da ƙanƙara a gefenta, ba ta barin abin ya wuce. Yu Mi take kiranta, wato Yaya Katemi.

"Yu Mi, da wanki yana ƙara daraja, da yanzu ƙafar nan taki tana majalisa."

"Ki dai ce kishi. Taki ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka."

Ana dariya, ita ma tana yi. Sai dai a cikin duk hannayen da suka riƙe ƙafar nan, babu na 'yarta. Ɗaya ta haifa, Winarsih, wankin kuma sau ɗaya yake zuwa, ya zo ya wuce ba ta nan.

Shekarar da Winarsih ta kai ajin ƙarshe, Katemi tana Jidda tana gugar daɓe a gidan wasu Larabawa. Babu ce ta kai ta, da miji mai son tsuntsaye. Allah ya jiƙan mijin nan nata Pak Sarju, wato Malam Sarju, mutum ne da zai sayo wa kanari tsutsa alhali tukunya tana kife. Katemi ta roƙi hutu don ta zo taron, uwar ɗakinta ta dube ta kamar ta ce a ba ta rabin gidan. Sai ta yi dabara. Ta wanke ƙafafunta tas da sabulu, ta sake tsoma su cikin ruwa mai tsabta, ta yi addu'a a kai, ta ɗura a gora, ta ba matar wani alhajin garinmu da ke shirin komowa. Ta ce a ba Winarsih ta shafa a fuska ranar taro.

Hajiyar kuwa mace ce mai kunya. Ta ina za ta buɗe baki gaban 'yan sannu da zuwa ta ce ruwan ƙafa ta ɗauko tun daga ƙasa mai tsarki? Ta miƙa wa Pak Sarju gora ta ce, "Saƙon matarka," ta juya. To, gora daga Saudiyya, a hannun hajiya, kai me za ka ce? Pak Sarju ya kira unguwa. Aka fito da 'yan ƙananan kofuna, aka fuskanci alƙibla, aka yi bisimilla. Ponirah biyu ta sha, kuma har gobe tana rantsuwa tun ranar ciwon gwiwarta bai dawo ba.

Winarsih tana makaranta wajen darasin yamma, ko ɗigo ba ta gani ba. Ranar taro uban yana wajen gasar tsuntsaye, lokacin kuma ba a fara aron ƙafa ba. Ta durƙusa gaban kujera ba kowa, robarta cike, har aka fara kwashe kujerun. Da gaskiyar gorar ta fito daga baya, garin nan ya yi shekara yana dariya. Kowa ya dara, ban da Winarsih.

Ta ci jarrabawarta, ta yi aure, ta haifi Lintang. Katemi ta dawo da ciwon baya da akwati biyu, ta tarar da mace a inda ta bar yarinya. Ko sau ɗaya Winarsih ba ta ɗaga mata murya ba, da ma ta yi, da an huta. Ranar Sallah takan kama hannun uwar ta kai goshi, kamar yadda kowa ke yi, amma da sauri, kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta huce. Da Lintang ta shiga firamare, mijin ya tafi gonar kwakwar manja a tsibirin Kalimantan, Winarsih kuma ta sami aikin jinyar wani tsoho a Taiwan. Ta kawo yarinyar da jakarta ta ajiye a zauren Katemi, ta dubi uwar, wadda take kira Mak, wato Inna.

"Mak, ga ta nan. Ke kin san yadda ake tafiya, yanzu sai ki ga yadda ake zama."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Katemi ta haɗiye, ta ce Allah ya tsare hanya.

Kwanci tashi, Lintang ta kai ajin ƙarshe. A farkon shekara shugaban makaranta, Pak Darmaji, ya kira taron iyaye. Ya hau kan mumbari ya ce, "Iyaye maza da iyaye mata," ya ɗaga kai ya ga furfura zalla da bakunan da ba haƙora, sai ya gyara ya ce, "Kakanni." Ya yi bayani mai tsawo. Bana ba shekarar wasa ba ce. Darasin yamma dole. Daga magariba a kashe talabijin, a karɓe waya. Kada a tura yaro gona ranar karatu. A ba su ƙwai, a bar su su yi barci, kuma kada a riƙa kwatanta su da ɗan maƙwabta.

"Pak," in ji wani tsoho daga baya, "in ɗan maƙwabtan ya fi shi daƙiƙanci fa, a kwatanta?"

Pak Darmaji ya ce wannan a kwatanta a hankali. Sannan ya ce, tun yanzu kowa ya sanar da uwar yaro ranar wankin ƙafa, mai iya neman hutu ta nema, don Mbah Katemi ƙafa biyu Allah ya ba ta.

Katemi ta koma gida ta ɗauki maganar kamar wahayi. Ta lulluɓe talabijin da zani. Wayar Lintang kuwa, da an kira magariba sai ta binne ta cikin buhun shinkafa, ta zauna a kai.

"Mbah, tambaya zan yi wa ƙawata a kan darasi."

"Ƙawar nan mai gashin baki da babur? Ki tambayi littafi, Nduk, 'yar jikata, shi ba ya kashe ido."

"Wallahi Mbah kin fi soja."

"Soja albashi yake ci. Ni ladan Allah nake nema. Cinye ƙwan nan."

Ita da kanta sai ta lallaɓa gidan Ponirah ta kalli wasan kwaikwayonta, ta dawo tana share hawaye tana cewa hayaƙi ne.

Ranar Lahadi ake haƙo waya da rana, don ita ce ranar da Winarsih ke kira. Fuskarta ta fito a gilashin, ta yi fari, ta rame, bayanta ana jin tsohon yana tari. Uwa da 'ya suka sha hirarsu, Katemi tana gefe tana tsinke wake kamar ba ta ji. Da aka zo sallama sai ta miƙo wuya.

"Win, shugaban makaranta ya ce a gaya muku ranar."

"Na ji, Mak."

"Ni dai saƙo aka ba ni."

Winarsih ta dubi wani wuri. "Na riga na gaya wa 'ya'yan tsohon. Sun ce za su duba. 'Yata ba za ta durƙusa wa kujera ba, Mak. Zan zo."

Maganar da ƙaya a jikinta, amma Katemi ba ƙayar ta ji ba. "Zan zo" ta ji.

Daga makon nan aka ga sabon abu a garin. Katemi, wadda tun da aka haife ta silifa ma sai za ta biki, ta sayi takalmi rufaffe da safa. Kullum bayan la'asar sai ta zauna bakin rijiya da dutsen guga tana kankarar dugadugai, ta shafe su da man kwakwa, ta ɗaure da leda. Ta je wajen Pak Darmaji ta ce bana a nemi wata, ƙafarta ba ta aro ba ce.

"Yu Mi, miji kika samu?" in ji Ponirah. "Gaya mini in fara tanadin anko. Wane makaho ne?"

"Likita ne ya ce in kula da su."

"Wane likita? Ke da ko allura sai an danne ki?"

Ba ta gaya wa kowa ba, amma mu da muka tsufa tare ba sai an gaya mana ba. Lissafinta a fili yake. Winarsih za ta zauna, Lintang ta wanke mata. Katemi kuma za ta zauna a kujerar gefe, ba don komai ba, don ƙafa ta gaji. In an gama, ai ruwa zai rage a roba. Mace tana zaune, uwarta tana gefe, ga ruwa, ga ƙafa a waje, ga mutane suna ta kuka suna yafe wa juna. Wa ya sani? Ba za ta roƙa ba. Kawai dai kada hannun 'yarta ya sauka a kan faso.

Damina ta yi, ta ɗauke. Lintang ta yi jarrabawar gwaji ta faɗi lissafi, ta yi kuka, ta sake yi ta haye da ƙyar. Katemi ta share ɗakin Winarsih, ta shanya katifa, ta sayo irin busasshen kifin da take so. Kullum in motar birni ta tsaya a mararraba sai cokalin miya ya tsaya a hannunta, har mai saye ya ce, "Mbah, gyaɗar fa?"

Saura kwanaki kaɗan sai waya ta yi ƙara a ranar da ba Lahadi ba. Tsohon ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu, yana asibiti, ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata. 'Ya'yansa sun ce ba inda za ta. Winarsih tana faɗa tana kallon ƙasa. Lintang ta ajiye wayar ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Aka bar uwa da 'ya suna kallon juna ta gilashi.

"Na roƙe su, Mak. Har ƙasa na durƙusa."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, sai da na..."

"Win. Na sani."

Winarsih ta ɗago ta dube ta, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba. Sai aka kira ta daga ciki da yarensu, gilashin ya yi baƙi.

Katemi ta cire safa ta jefa a kwando. Washegari ta fito kasuwarta da tsohon silifa, Ponirah ta duba, ta buɗe baki, ta rufe. Rabon da Ponirah ta rufe baki da kanta tun ranar da aka cire mata haƙori.

Ana jibi taro sai ga wata 'yar unguwa da ta gama kwantiraginta a Taiwan ta dawo, ta aiko da saƙo daga Winarsih: alewa, rigar sanyi, da gora guda an naɗe bakinta da salatif. Katemi tana ganin gorar ta zauna a ƙasa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan dariyar ta juye ta zama wani abu.

"Kai, jini ba ya ƙarya," in ji Ponirah da ta zo gani. "Yu Mi, ɗan sam mini, ɗayar gwiwar ta fara."

"Ki matso in karya miki ita gaba ɗaya. Wannan ko liman ya zo ba ya sha."

Ta kulle gorar a kabad ta rataya makulli a wuya. Wannan karon ruwan ƙafar uwa zai isa fuskar 'ya, ko da garin zai kama da wuta. Ta aika wa Pak Darmaji cewa a sa mata kujera gaban Lintang. Aro dai aro ne, an saba.

Ranar taro filin ya cika. Aka yi addu'a mai tsawo, wani malami ya kama lasifika yana tuna wa yara wahalar naƙuda da goyo har 'yan ƙwallon makaranta suka fara jan hanci. Aka jera kujeru. Katemi ta zauna, gora a cinya, ta miƙa ƙafa. Ƙafar ta yi sumul, abin tausayi, kamar amaryar da ango bai zo ba. Lintang ta durƙusa, sai Katemi ta lura robar yarinyar babu ruwa.

"Ke, ina ruwanki? Haka za ki shiga jarrabawa, ki manta biro?"

"Kawo gorar, Mbah."

Ta ba ta, tana jiran ta ga ta zuba a tafi ta shafa a fuska. Lintang ta ɓare salatif, ta karkata gora, ta tuttule ruwan duka a roba, ta kama ƙafar kakarta za ta tsoma.

Katemi ta fizge ƙafa kamar ta taka garwashi. "Ke! Kin haukace? Ruwan ƙafar uwarki a ƙafata? Ni na haife ta ko ita ta haife ni? Naki ne, na fuska!"

Na kusa suka juyo. Lintang ba ta saki ɗayar ƙafar ba.

"Ba na ƙafa ba ne, Mbah."

"To na mene ne, na kai?"

"Na hannu ne. Hannunta ta wanke a ciki. Ta kira ni ranar da kika tafi kallon wasanki, kina tsammani ban san inda kike binne waya ba. Ta ce ni albarkata tana wajen wadda ta dafa mini ƙwai. Ta ce in zuba miki, in wanke da kyau har tsakanin yatsu, in ce miki..." Yarinyar ta ƙara riƙe ƙafar. "In ce miki ta makara."

Katemi ta dubi robar. Ruwa ne dai, ɗan kaɗan, ko idon sawu ba zai rufe ba, ya ɗan yi duhu-duhu. Ta sauke ƙafar a hankali.

Da sanyi. Yana ƙamshin wani sabulu da ba na nan ba, da warin man zafin da ake shafa wa tsofaffi, da ɗan warin roba. Haka hannun Winarsih yake wari yanzu ke nan. Ba ta sani ba sai yau. Lintang tana ɗiba tana zubawa, tana murza dugadugan, tana neman gafarar abubuwan da ta yi da waɗanda uwarta ta ba ta saƙo. Katemi ta rufe ido tana laluben wancan hannun a cikin wannan. Wani lokaci ta ji kamar ta same shi, wani lokaci ruwa ne kawai da hannun jika. Ta dafa kan yarinyar, ta yi mata addu'ar da ta yi wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ta zarce da wata da ta taɓa tofawa a gora a Jidda, wadda unguwa ta shanye.

Da aka tashi, kowa ya watsar da ruwansa a gindin furanni. Katemi ta ƙi. Ta karɓi mazurari wajen Ponirah ta mayar da nata cikin gora, bai kai rabi ba.

"Wannan kuma na me, Yu Mi? Tsimi za ki yi?"

"Ajiya ce. In mai shi ta zo ta ga abin da ta aiko bai isa ba, sai ta ciko da kanta."

Lintang ta ci jarrabawa, lissafin ma ya haye, ko da yake da rarrafe. Tsohon Taiwan ya warke, ya ƙi mutuwa ya ƙi sallamar mutane, Allah ya ba shi lafiya dai. Winarsih ta ce sai baɗi, baɗi ta zo ta ce sai wata baɗin. Amma yanzu ranar Lahadi, in ta gama da 'yarta, takan ce, "Ba ni Mak," su yi ta maganar farashin barkono kamar shi ne ya raba su.

Katemi ta koma ba da aron ƙafa, don yara ba su daina durƙusa wa kujeru ba. Gorar tana kabad, makulli yana wuya. Safa kuwa ta sake ɗaukowa daga kwando, kuma har yau, bayan la'asar, in ka bi ta bayan gidanta za ka ji ƙarar dutse a kan dunduniya.